DARASIN KIRSIMATI: AKWATIN KYAUTA DA TARBIYYAR YARA A GIDAN MAI BI

Karatu: Matta 2:1-12, Nehemiya 8:9-12, Luka 14:12-14.
Ayar haddacewa: 2 Korinthiyawa 9:15.
Manufa: Mu gane asalin al'adar ba yara kyauta a lokacin Kirsimati, mu kuma koyi yin ta bisa hanyar da za ta jawo zukatansu wurin Kristi.

GABATARWA

Sa'ad da kaka ta yi, aka kai dawa da gero rumbu, iskar hunturu kuma ta fara busowa, yaranmu su kan soma ƙidayar kwanaki. Tela ba ya samun barci, kasuwa ta cika maƙil, waɗanda su ke aiki a birni suna ɗaure kaya domin komawa gida. Maza suna haɗa kuɗin watanda, mata suna suyar cincin, 'yan mawaƙa suna koyon sababbin waƙoƙi har dare. A cikin wannan hidima duka akwai tambaya ɗaya da ƙaramin yaro ya kan yi wa uwarsa, watau, "Mama, me za a ba ni?"

Tambayar ba ta da laifi. Ubangijinmu da kansa ya shaida, a cikin Matta 7:9-11, cewa iyaye sun san ba 'ya'yansu kyawawan kyautai, har ya ɗauki wannan ya zama misalin alherin Ubanmu na sama. Amma amsar da mu ke ba yaron shekara bisa shekara ita ce za ta koya masa ma'anar Kirsimati, fiye da wa'azin da ya ke ji a majami'a. Idan ya girma yana tsammani Kirsimati ranar karɓa ce kaɗai, mu ne muka koya masa. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Saboda haka bari mu bincika Littafi Mai Tsarki da tarihin ekklesiya, mu ga inda al'adun nan suka fito, da abin da ya kamata mu yi da su.

1. RANAR DA NASSI BAI AMBATA BA

Da fari sai mu tuna cewa Matta da Luka, waɗanda suka ba mu labarin haihuwar Yesu, ba su faɗi wata ko rana ba. Manzanni kuma ba su umurci ekklesiya ta kiyaye idin haihuwarsa ba. Shaida mafi daɗewa da a ke da ita tana cikin wani littafin lissafin kwanaki da aka rubuta a birnin Roma a shekara ta 354, wanda ya nuna cewa tun shekara ta 336 masu bi na Roma suna tunawa da haihuwar Kristi ran 25 ga Disamba. Har wa yau ba dukan ekklesiyoyi ne su ke kiyaye rana ɗaya ba. 'Yan'uwanmu na Masar da na Habasha su kan yi nasu idin ran 7 ga Janairu, na Armeniya kuwa ran 6 ga Janairu.

An taɓa yin zamanin da waɗansu masu bi suka ƙi idin ɗungum, domin buguwa da lalaci sun yi yawa a cikinsa. A shekara ta 1647 majalisar Ingila ta hana shi, bai dawo ba sai 1660. A yankin Masacuset na Amurka an kafa doka a 1659 cewa wanda aka kama yana bukin Kirsimati zai biya tarar sule biyar.

Me za mu koya daga wannan? Kirsimati al'adar ekklesiya ce, ba doka ba ce daga Sina'i. Manzo Bulus ya koya mana a cikin Romawa 14:5-6 cewa wanda ya ke girmama wata rana, sai ya yi domin Ubangiji. Tun da ya ke al'ada ce, muna da 'yanci mu gyara ta. Abin da ya ke ɗaukaka Kristi mu riƙe, abin da ya ke rufe shi mu zubar.

2. AKWATIN FARKO

Mu koma ga karatunmu na farko. Masana daga gabas suka zo Urushalima suna neman sarkin da aka haifa. Sarki Hirudus ya firgita, ya tara malamai, suka nuna masa annabcin Mika 5:2, aka aiki baƙin zuwa Baitalahmi, tafiyar kamar kilomita 9 kudu da Urushalima. Mu lura da kyau: Matta bai ce su uku ne ba, bai kuwa kira su sarakuna ba. Kyautai ne ya lasafta uku. Bai ce sun iske jariri a komin dabbobi ba. A cikin gida suka same shi tare da uwarsa Maryamu.

Aya ta 11 ta nuna mana jerin abin da suka yi. Suka ga yaron, suka fāɗi suka yi masa sujada, sa'an nan suka buɗe taskokinsu. Kalmar da aka juya "taska" a Helenanci tana nufin akwati ko jakar da a ke ajiye dukiya. Ga akwatin Kirsimati na farko ke nan, sujada kuwa ta riga buɗe shi.

Zinariya mun san ta, kayan sarakuna ce. Lubban ƙaro ne mai ƙanshi da a ke samu daga wani itace na kudancin Arabiya da ƙasar Somaliya. Ɗan'uwan itacen yana nan a dajinmu, shi ne hano, wanda waɗansu ke kira ararraɓi. A cikin Fitowa 30:34 lubban yana cikin turaren da a ke ƙonawa a gaban Allah. Mur shi ma ƙaro ne, mai ɗaci, daga itacen da ya ke dangin dashi. An sa shi cikin man keɓewa (Fitowa 30:23), da shi kuma Nikodimu ya shirya jikin Yesu domin jana'iza (Yohanna 19:39). Tun zamanin dā malaman ekklesiya suka ga cewa zinariya tana nuna sarautarsa, lubban allahntakarsa, mur kuwa mutuwarsa.

Gidan da aka kai wa dukiyar nan gidan talaka ne. Mun sani, gama sa'ad da aka kai Yesu Haikali, hadayar da iyayensa suka miƙa tsuntsaye biyu ce (Luka 2:24), wadda Firistoci 12:8 ya yardar wa macen da ba ta da halin ɗan rago. Bayan tafiyar masanan kuwa, Yusufu ya tashi da dare ya gudu da iyalinsa zuwa Masar. Ashe kyautar farko ta Kirsimati ta sauka a hannun matalauta waɗanda su ke gab da zama 'yan gudun hijira.

3. YADDA KYAUTA TA JUYO WURIN YARA

A cikin Ayyukan Manzanni 27:5-6 mun karanta cewa jirgin da ya ɗauki Bulus ya tsaya a Mira ta ƙasar Likiya, inda aka sauya masa jirgi zuwa Italiya. Garin yana cikin ƙasar Turkiyya ta yau. A ƙarni na huɗu ekklesiyar Mira ta sami shugaba mai suna Nikolas. Labarin da aka gāda a kansa, wanda ba Nassi ba ne, ya ce akwai wani mutum da ya talauce, yana da 'ya'ya mata uku, ba shi da abin yi musu kayan aure, har suna cikin hatsarin faɗawa rayuwar banza. Nikolas ya tafi da dare ya jefa ƙunshin zinariya ta taga, ya yi haka har sau uku, yana ɓoye kansa domin kada a gode masa. Aikinsa ya yi daidai da Matta 6:3-4, inda Ubangiji ya ce a yi sadaka a asirce.

Ekklesiyoyin Turai suka sa 6 ga Disamba ta zama ranar tunawa da shi, a ranar kuma a kan ba yara 'yan kyautai. A ƙasar Holan yara su kan ajiye takalmansu kusa da murhu da dare, da safe su tarar da alewa a ciki. Mutanen Holan da suka yi ƙaura zuwa Amurka suka tafi da al'adar, a can sunan ya sauya, kamanninsa ma suka sauya, har ya zama tsohon nan mai jan kaya da farin gemu wanda mu ke kira Baban Kirsimati.

A ƙarni na 16, zamanin Martin Luther, masu gyaran ekklesiya a Jamus suka ga cewa hankalin yara yana komawa ga bawa ya bar Ubangijinsa. Sai aka mai da ba da kyauta zuwa daren 24 ga Disamba, aka riƙa gaya wa yara cewa saboda Kristi ne a ke ba su. A ƙasar Sifen kuwa ran 6 ga Janairu ce babbar ranar kyautar yara, domin tunawa da zuwan masanan gabas.

Akwai kuma al'adun da aka ƙago musamman domin koyarwa. A shekara ta 1223, a ƙauyen Gireciyo na Italiya, Faransis na Asisi ya shirya komin dabbobi da ciyawa, ya kawo sa da jaki masu rai, domin talakawan da ba su iya karatu ba su ga labarin da idonsu. Wasan kwaikwayon da yaran makarantar Lahadi su ke yi mana, da bargon makiyaya da sandunansu, jikan wannan ne. A 1839, a birnin Hambug na Jamus, wani mai hidima, Johann Wichern, yana riƙon yara matalauta a gidan da ya kafa musu. Kullum suna damunsa da tambayar yaushe Kirsimati za ta zo. Sai ya ɗauki ƙafar keken doki ya jera kyandirori a kanta, manya huɗu domin ranakun Lahadi, ƙanana domin sauran ranaku, ana kunna ɗaya kowace rana lokacin addu'a.

Mu duba fa: Nikolas, da Faransis, da Wichern, dukansu matalauta ne a zuciyarsu. Kasuwa ce daga baya ta karɓe al'adun ta mai da su ciniki.

4. RANAR AKWATI

A Nijeriya 26 ga Disamba ranar hutu ce, da yawa daga cikinmu kuwa ba su taɓa tambayar dalili ba. Daga Ingila muka gāje ta, sunanta a can "Ranar Akwati", an kuwa sa ta cikin ranakun hutu na doka a 1871. Abu biyu aka saba yi a can. A majami'u akwai akwatin sadaka da a kan buɗe a raba wa matalauta. Barori da yaran masu sana'a kuma suna da ɗan tulun yumɓu mai tsaga a ka, kamar asusun da yaranmu su ke tara kuɗi a ciki. Iyayen gidansu da abokan ciniki su kan jefa musu kuɗi, bayan Kirsimati su fasa. Barorin da suka yi hidimar manya ran idi, kashegari a kan sallame su da ƙunshin abinci su je su ga nasu iyalin.

A lissafin ekklesiya 26 ga Disamba ranar tunawa da Istifanus ce. Wane ne Istifanus? Ɗaya ne daga cikin mutum bakwai da aka zaɓa su lura da rabon abinci ga gwauraye, sa'ad da aka yi gunaguni cewa ana mantawa da waɗansu (Ayyukan Manzanni 6:1-6). Shi ne kuma na farko da ya ba da ransa saboda sunan Yesu.

Akwatin tara baiko ma yana cikin Nassi. A 2 Sarakuna 12:9 Yehoyada firist ya ɗauki akwati, ya huda murfinsa, ya ajiye kusa da bagade domin gyaran Haikali. Wajen ma'ajin Haikali kuma Yesu ya zauna ya ga gwauruwar da ta zuba anini biyu, ya ce ta fi masu arziki duka bayarwa (Markus 12:41-44).

Karatunmu na biyu ya kafa mana ƙa'ida. Jama'a suka ji Shari'a suka yi kuka, Nehemiya ya hana su, ya ce su ci mai daɗi su sha mai zaƙi, su kuma aika da rabo ga wanda bai shirya kome ba. Haka kuma aka yi a idin Furim (Esta 9:22). A wurin mutanen Allah, idi bai cika ba sai maƙwabcin da ba shi da kome ya ci. Kwanon shinkafa da mu ke aikawa da yaranmu gidajen maƙwabta, har da maƙwabtanmu Musulmi waɗanda su ma su kan aiko mana da nasu ran Salla, yana da tushe mai kyau. Kada mu bar shi ya mutu, gama zumunta a ƙafa ta ke.

5. AKWATIN TAKALMI

A zamaninmu al'adar akwati ta sake fitowa da wata kama. A 1990, bayan faɗuwar mulkin kama-karya a Romaniya, duniya ta ga hotunan marayun ƙasar cikin wahala. Wani mai bi a garin Wrexham na ƙasar Wales, Dave Cooke, ya tara jama'a suka cika motoci da kayan taimako da kyautan yara, suka kai. A 1993 ƙungiyar Samaritan's Purse ta Amurka ta ɗauki aikin, mai suna Operation Christmas Child, a shekarar kuma aka aika da akwatuna wajen 28,000 ga yaran da yaƙin Bosniya ya shafa. Ya zuwa 2022 an tara akwatuna miliyan 200, an kuwa kai su ƙasashe fiye da 170.

Tsarin mai sauƙi ne. Iyali su ɗauki kwalin takalmi, su zaɓi ko na yaro ne ko na yarinya, da shekarunsa (2 zuwa 4, 5 zuwa 9, ko 10 zuwa 14), su cika shi da abin wasa da kayan makaranta da na tsabta. Waɗansu masu lura sun yi gardama cewa kuɗin jigilar kaya daga wata nahiya zuwa wata da an sayi kayan a kasuwar wurin da sun fi yawa, 'yan kasuwar wurin ma sun amfana, kuma mai cika akwati daga nesa bai san ainihin bukatar yaron ba. Maganar tana da nauyi, kuma mu ta fi shafa. Mu ba mu bukatar jirgin ruwa. Marayan yana bayan gidanmu, mun san sunansa, mun san girman ƙafarsa. A cikin ekklesiyoyinmu da yawa akwai iyalan da tashin hankali ya kora daga ƙauyukansu, suna zaune a sansani ko a ɗakin aro. Bai kamata mu zauna muna jiran akwati daga ƙetare ba, alhali Allah ya sa mana hatsi a rumbu. Bisa ga 2 Korinthiyawa 8:12, abin da mutum ya ke da shi a ke karɓa daga gare shi.

6. TARKO UKU

Na fari shi ne bashi. Hausawa sun ce Salla ta wuce ta bar wawa da bashi, karin maganar kuwa bai tsallake Kirsimati ba. Mun sha ganin magidanci ya sayar da hatsin da zai ci da damina, ko ya ci bashi da ruwa, domin a ce gidansa ya yi fice. Janairu na zuwa, kuɗin makaranta ya taso, yaron da aka yi wa ɗinki kala uku ya zauna a gida. Misalai 22:7 ya gargaɗe mu cewa mai cin bashi bawa ne ga mai ba shi. Hannatu kowace shekara 'yar riga ɗaya ta kan ɗinka ta kai wa Sama'ila a Shilo (1 Sama'ila 2:19), Nassi kuwa ya ga ya isa a rubuta.

Na biyu shi ne fifiko. Yakubu ya yi wa Yusufu riga ta musamman, 'yan'uwansa suka ƙi shi har ba su iya yi masa maganar alheri (Farawa 37:3-4). Riga ɗaya ta jawo wa gidan baƙin ciki na shekaru fiye da ashirin. A gidajenmu akwai 'ya'yan riƙo, da agola, da yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye tana taya aiki. Ita ce ta kan tashi da asuba ta hura wuta ta wanke tukwane ran Kirsimati. Idan 'ya'yan cikinmu suka fita da sabon kaya, ita kuwa aka miƙa mata kwance, to, mun yi wa yaran duka wa'azi, wa'azin kuwa ba na Kristi ba ne.

Na uku shi ne fahariya a gidan Allah. Mun san gwauruwar da ta kan hana 'ya'yanta zuwa sujada ran Kirsimati domin ba ta iya yi musu ɗinki ba, tana tsoron a yi musu dariya. A ranar da mu ke tunawa da wanda aka kwantar a komin dabbobi, yaran da suka fi kama da shi su ne su ke ɓuya a ɗaki. Yaƙub 2:1-4 ya tsauta wa ekklesiyar da ta ke duban tufafi. Dattawa da zumuntar mata su bincika tun da wuri, su san gidan da babu ɗinki, su yi taimakon a asirce yadda Nikolas ya yi, ba tare da kiran suna a gaban jama'a ba.

7. YADDA ZA MU SHIRYA AKWATI

Muna ba da shawara kowane gida ya shirya akwati biyu domin kowane yaro: ɗaya wanda zai karɓa, ɗaya wanda zai bayar. Ba sai an sayi akwati ba. Kwalin takalmi, ko na sabulu, ko ɗan kwando da faifai a kai, ya isa.

A cikin wanda zai karɓa a sa abu huɗu. Abin amfani: rigar sanyi, ko takalmi, ko man shafawa saboda hunturu. Abin koyo: littafin rubutu da fensir, ko littafin labarun Littafi Mai Tsarki mai hotuna. Abin wasa: ƙwallo, ko 'yar tsana, ko motar da uba ya ƙera da hannunsa da kara. Abin ci: lemo, ko dabino, ko cincin. Ga yaron da bai kai shekara uku ba, kada a sa abin da zai iya haɗiyewa ya shaƙe shi, kamar duwatsun ado, da kwabbai, da ƙwayar gyaɗa. A kiyaye ƙwarai da ƙaramin batir mai kama da maɓalli, gama idan yaro ya haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro cikin sa'o'i kaɗan, sai a garzaya asibiti. Bindigar wasa da abin fashewa kuwa ba su dace da haihuwar Sarkin Salama ba.

Mu gaya wa yaro gaskiya a kan wanda ya ba shi. Ba laifi ya ji labarin Nikolas, amma ya san cewa iyayensa ne suka yi gumi, Allah kuwa shi ne ya ba su ƙarfi. Yaron da ya gane an ruɗe shi a kan Baban Kirsimati yana iya tambaya ko labarin mala'iku da makiyaya ma haka ya ke.

Akwati na biyu yaron da kansa zai cika. A ba shi asusu tun farkon Disamba. Ya zaɓi abu ɗaya mai kyau daga cikin nasa, ba fasasshe ba. Ya raba goron Kirsimatin da baƙi suka ba shi, ya sa kashi ɗaya a ciki. Ran 26 ga wata uwa ko uba su riƙe hannunsa su kai gidan da aka zaɓa, su gaisa, su zauna kaɗan. Bisa ga Luka 14:12-14, a zaɓi gidan da ba za su iya rāmawa ba. Kada a ɗauki hoton yaron da aka ba domin nuna wa duniya. Mutuncinsa ya fi abin da ke cikin kwalin. Ta haka ɗanmu zai ɗanɗana da kansa maganar Ubangiji da Bulus ya tuna mana a Ayyukan Manzanni 20:35, cewa albarkar bayarwa ta fi ta karɓa.

8. SUJADA KAFIN BUƊEWA

A ƙarshe mu bi jerin masanan gabas. Musa ya umurci Isra'ila cewa sa'ad da 'ya'yansu suka tambayi ma'anar idi, iyaye su ba da amsa (Fitowa 12:26-27), su kuma koya musu a zaune a gida da tafiya a hanya (Kubawar Shari'a 6:7). Aikin nan na uba da uwa ne, malamin makarantar Lahadi mataimaki ne kawai. Daren 24 ga wata, ko da safe kafin a tafi majami'a, maigida ya tara iyalinsa duka har da baƙi da masu aiki. A karanta Luka 2:1-20, yaron da ya iya karatu ya karanta wani sashi. A raira waƙa ɗaya. A tambayi ƙanana: wa aka haifa, a ina, don me? A yi addu'a, sa'an nan a buɗe akwatuna, kowane yaro ya yi godiya.

Kwalin zai yage kafin sabuwar shekara, takalmin zai matse kafin wata kakar. Amma yaron da ya ga ubansa ya buɗe Littafi kafin ya buɗe akwati, wanda kuma aka riƙe hannunsa zuwa ƙofar maraya, zai yi wa nasa 'ya'yan haka. Kristi yana da wadata ya zama matalauci sabili da mu (2 Korinthiyawa 8:9). Kowace kyauta da mu ke miƙa wa yaro sai ta nuna masa wannan.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Waɗanne abubuwa mu kan faɗa a kan masanan gabas waɗanda ba su cikin Matta 2?
2. Me ya nuna cewa Yusufu da Maryamu matalauta ne?
3. Ina dangantakar Istifanus da Ranar Akwati?
4. Cikin tarkuna ukun nan, wanne ya fi kama mutanen ekklesiyarmu? Ƙaƙa za mu kuɓuta?
5. Bisa ga Nehemiya 8:10, su wane ne a unguwarmu ba su shirya kome ba?

AIKIN MAKO

Kowane gida ya zauna ya yanke iyakar kuɗin da zai kashe, bayan an ware kuɗin makaranta na Janairu. Ya zaɓi yaro ɗaya na waje da za a kai wa akwati, ya sanar da dattijo ɗaya a asirce domin kada a taru a gida ɗaya a manta da wani.

ADDU'A

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin Ɗanka da ka ba mu. Ka gafarta mana inda muka mai da ranar tunawa da shi ranar fahariya. Ka ba mu hikima mu yi wa 'ya'yanmu alheri ba tare da fifiko ba, ka buɗe idanunmu mu ga maraya da baƙo. Ka sa yaranmu su san Mai Ceto tun suna ƙanana. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.